Jirgin Baba da Yatsuna Huɗu

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba, shekarar da na cika sha ɗaya, ina tsugune a bayan 'yar tirelar ɗaukar jirgi a kan gangaren simintin da ake saukar da ƙananan jiragen ruwa a kudancin Staten Island. Ruwan gishiri yana ɗiga daga jikin ɗan jirgin Babanmu yana jiƙa mini takalmi, iska kuma tana kaɗawa da sanyin da ke shiga har haƙori. Mota ta ja jirgin ya fito daga ruwa, ta tsaya, aikina shi ne in duba ko ya zauna daidai a kan tirelar. Na sa hannu tsakanin jikin jirgin da murfin tayar hagu, tafin hannuna ya shige gaba ɗaya har da saura. Na zagaya dama, yatsa biyu ma da ƙyar. Jirgin ya karkace. Na ɗaga kai zan yi magana ke nan sai Baffa Garba, yayan Babanmu, ya fito daga mota cikin kaftaninsa ruwan toka, ya leƙa ta gaba, ya daki ƙirjin jirgin da tafin hannu ya ce, "Ya zauna daram. A ɗaure mu tafi." Sai na haɗiye maganata.

Kafin in faɗi abin da shirun nan ya jawo, bari in faɗi yadda aka yi Bahaushe ya mallaki jirgin ruwa mai tafiya da iska a birnin New York, domin tambayar da duk baƙon da ya zo gidanmu yake fara yi ke nan. Babanmu ɗan Wudil ne, a bakin kogi ya tashi, kuma tun kafin ya iya karatu ya iya tura kwalekwale da gora. Da ya zo Amurka ya samu aikin ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji a wani asibiti, ya yi shekaru yana kallon teku ta tagar jirgin fito safe da yamma, bai taɓa tsoma ko yatsa ba. Rannan wani dattijo abokin aikinsa zai yi ritaya ya koma wajen 'yarsa, ya rasa inda zai kai ɗan jirginsa, sai ya ce wa Baba in yana so ya zo ya ja abinsa har da tirelar. Jirgin bai fi tsawon ƙaramar mota ba. Yana da doguwar sanda da ake kafawa a tsakiya a ɗaura mata ƙyalle, iska ta tura. Ba inji, ba rumfa, ba komai. Umma ta fito ta dube shi a lungun da ke gefen gidan da muke haya a St. George, ta riƙe haɓa ta ce, "Wasu mazan firji suke kawo wa iyali, kai ka kawo mana kwano." Baba ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ina jin Umma ma ta lura, shi ya sa ba ta ƙara ko kalma ba.

Tun daga nan Asabar ɗinmu ta zama ta jirgi, daga lokacin da sanyi ya sake mu a watan Mayu har ya dawo a Oktoba. Bayan sallar asuba Baba zai tashe mu, ni da ƙanena Aminu. Ni ce mai ɗauko igiyoyi da rigunan da ke hana mutum nutsewa, Aminu mai bokiti da soso. Umma ta zuba shinkafa da wake a kula, mai da yaji a 'yar kwalba, shayi a filas. Ita dai ba ta taɓa taka jirgin nan ba, ko sau ɗaya. Takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata bishiya kusa da inda ake ajiye motoci, ta fito da saƙarta, tana bin ƙyallenmu da ido, in ya yi nisa ta miƙe tsaye. Baba kuwa wani mutum ne daban a kan ruwa. Mutumin da a gida ba ya son hayaniya, sai ga shi yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan, yana ba mu labarin kada da dorina waɗanda har yau ban tabbata ya taɓa gani ba. Ya koya mana mu sunkuya idan sandar ƙasan ƙyalle za ta juya, amma Aminu sai da ta ƙwale shi sau biyu kafin ya yarda. In mun dawo gida sai wanki, a ɗauraye jirgi da ruwan famfo saboda gishiri, a baza ƙyalle a kan igiyar shanyar Umma, a yi 'yar rigima a kan wanda ya fi buƙatar igiyar. Ranar Litinin a makaranta, in 'yan ajinmu suna ba da labarin inda suka je, ni ma ina da nawa, ko da yake babu wanda ya yarda sai da na kai hoto.

Duk daɗin nan yana da wahala ɗaya a ƙarshensa, wato mayar da jirgin kan tirela. Saukar da shi ba komai ba ne, ruwa ne yake karɓa. Ɗora shi ne aiki. Tirelar tana da dogayen katako biyu da aka lulluɓe da kafet, a kansu jirgin yake kwanciya, sai robobi uku masu juyawa a jere a tsakiya. A kan robobin nan ƙashin jirgin zai hau, wato layin da ya bi tsakiyar ƙasansa daga gaba har baya. Sai a yi ribas da mota a shigar da tirelar cikin ruwa, amma ba da yawa ba. In ta yi zurfi, bayan jirgin zai ci gaba da yawo, iska ta ture shi gefe, sai an fito a tarar ya sauka a karkace. Baba yakan naɗe wando ya shiga ruwa, ya maƙala ƙugiya a hancin jirgin, ya riƙa juya hannun ƙarfen da ke naɗe igiya har hancin ya zo ya jingina da robar gaba. Daga inda yake tsaye ba ya ganin baya. Shi ya sa ya ba ni aikin dubawa, ya kama hannuna ya auna da kansa: yatsuna huɗu tsakanin jikin jirgi da murfin taya, hagu da dama, sannan in leƙa ƙasa in ga ƙashin yana kan robobi ukun. "Sai kin ce ya zauna za mu ɗaure," in ji shi. Kaina ya kumbura da wannan muƙami, Aminu ya sha gori har ya gaji.

Baffa Garba ba kullum yake zuwa ba. A Highbridge yake zaune, can Bronx, sau biyu ko uku a shekara yake ƙetaro gadoji ya zo. Ya ba Baba shekara goma sha biyu, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa hanyar zuwa Amurka. Direban bas ne, ya daɗe a kan sitiyari, kuma a ganinsa duk wani abu mai taya a duniya ƙarƙashin ikonsa yake. Mutum ne mai kyauta, aljihunsa ba ya rabuwa da dabino, amma ba a yi masa musu. In ya shigo falo Baba yakan sauko daga kujera ya zauna a kafet, kuma ban taɓa jin ya kama sunansa ba, sai "Yaya". Mu kuwa, duk da a New York aka haife mu, ana yi mana Hausa muna amsawa da Turanci, akwai abubuwan da Umma ba ta yi mana sassauci a kansu ba. Ba a gaida babba a tsaye, ba a miƙa masa abu da hagu, in ya faɗi magana ba a cewa ba haka ba ne. Sau ɗaya na taɓa gyara wa wata baƙuwa sunan titi a gaban mutane, hararar da Umma ta watsa mini sai da na ji ta a ƙashina. Don haka ranar nan da Baffa ya karɓi makulli ya yi ribas ɗinsa mai kyau, ɗaya tak, ya cusa tirelar cikin ruwa har tayoyin suka ɓace, sannan ya fito ya ce ya zauna, abin da ya zo mini a rai shi ne, ni wace ce? Na dubi Baba, Baba ya dube ni. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka na amince, aka ɗaure jirgi.

Saura kaɗan mu isa gida lafiya. Duk tsawon hanyar ina waige ina kallon jirgin ta gilashin baya, ina addu'a a zuci, Aminu yana ta sharar barcinsa. Unguwarmu kan tudu take, kuma a kwanar ƙarshe kafin layinmu akwai wani rami da kowa ya san da shi. Tayar tirela ta faɗa, sai muka ji gwaram! Jirgin ya zame daga kan robobin ya kwanta gefe, ɗamarar da aka ɗaure shi da ita ta yi sako-sako, bayansa ya leƙo titi. Motar da ke bin mu ta taka birki da ƙara, Umma ta saki salati ta rungumo kan Aminu. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Amma ƙarfen da ke riƙe da robar baya ya huda jikin jirgin, huji kamar bakin kofin shayi. Wasu maza biyu da ke wucewa suka kama mana aka ɗaga shi, muka lallaɓa muka ƙarasa gida. Baffa ya yi ta faɗa a kan ramin nan har ya shiga motarsa ya tafi. Baba kuwa ya koma wajen jirgin. Ya tsaya a lungu yana shafa hujin da babban yatsa, kuma da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bayan magariba ya kira ni kicin, inda Umma take wanke kuloli. Ya tambaye ni ko na auna, na ce na auna. Ya ce me na gani. Sai na fashe da kuka, na faɗa masa da Turanci cewa na ga ya karkace, amma Baffa ya riga ya yi magana. Kafin ya buɗe baki Umma ta juyo da kumfa a hannu. "To me kake so ta yi? Ta ƙaryata yayanka a bainar jama'a? Abin da muka koya mata ta yi." Sannan ta yanke hukuncinta, irin wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa: in jirgin nan ya sake zamewa a titi da 'ya'yanta a mota, to ya bar gidan, ko da kyauta za a bayar da shi kamar yadda aka samo shi. Baba ya jira har ta gama wanke-wanke. Da ta fita, ya jawo kujera ya zauna daidai tsayina, ya yi ƙasa da murya. "Ni ma jikina ya ba ni tirelar ta yi zurfi," ya ce. "Amma ni ba zan iya ce wa Yaya ya yi kuskure ba. Tun ina kamar Aminu ban taɓa ba. Ke za ki iya, domin ba ra'ayinki za ki faɗa ba, abin da yatsunki suka auna ne." Ranar na fara sanin cewa Babana ma ƙanen wani ne. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa kaɗan, domin ya ɗora mini kayan da shi ya kasa ɗauka.

Jirgin ya yi lokacin sanyi a lungu, lulluɓe da tamfol. Ni da Aminu muka mai da ƙarƙashin tamfol ɗin ɗakinmu na sirri, in dusar ƙanƙara ta sauka mu shige da biskit da tocila muna wasan 'yan fashin teku, kuma kullum shi ake kamawa. Umma ta gano cewa doguwar sandar nan, da aka kwantar da ita, ta fi kowace igiya daɗin shanya darduma. Da sanyi ya fara sassautawa Baba ya fito da wani ƙyalle mai kama da gidan sauro da wani danƙo mai wari, ya liƙe hujin, ya bari ya bushe, ya goge, ya sake liƙewa. Ni kuwa ina can gaban madubin banɗaki ina gwada maganata. Da Turanci sai ta fito da tsaurin ido, da Hausa kuma harshena ya riƙa karyewa. Daga ƙarshe na tambayi Umma yadda ake faɗa wa babba abin da ba ya so ya ji. Ta dube ni ta wutsiyar ido, ta gane inda na dosa, ta ce, "A fara da ba shi haƙuri, a yi ƙasa da murya. Amma a faɗa."

Baffa ya dawo wata Asabar a farkon Yuni. Yini ne mai daɗi, har ya yarda ya shiga jirgin, ya zauna a tsakiya, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a gefen jirgi, yana ba Baba umarnin inda zai bi. Da yamma iska ta juya tana bugowa daga gefe, gangaren kuma ya cika, motoci huɗu na masu kamun kifi suna layi a bayanmu, kowa ya gaji yana son gida. Baffa ya miƙa hannu, Baba ya ba shi makulli. Ribas ɗaya tak, tayoyi suka nutse. Baba ya naɗe igiya, mota ta ja, na tsuguna. Hagu tafin hannu da ƙari, dama yatsa ɗaya. Na sake aunawa ko Allah zai sa ni ce na yi kuskure. Ban yi ba. Can ƙarƙashin bishiya Umma ta ajiye saƙarta ta miƙe. Baba ya duƙa yana ta warware wata igiya da ba ta harɗe ba. Na ji ƙarar ƙofar mota, na ji takun Baffa, na ji tafin hannunsa a jikin jirgi. "Ya zauna daram."

Ban tashi daga tsugunen ba. Na ce da karyayyar Hausata, "Baffa, don Allah ka yi haƙuri. Bai zauna ba." Baffa ya juyo. "Na'am?" in ji shi. Na maimaita, muryata ta ƙara ƙanƙancewa, na nuna masa tayar dama. Ya juya ya dubi Baba, Baba kuwa bai ɗago daga igiyarsa ba. Wani daga cikin masu layi ya danna hon. Baffa ya ce, "Tun kafin babanki ya yi aure nake tuƙa babbar mota." Na ce, "Na sani, Baffa." Ban ƙara komai ba, ban kuma janye ba, domin na san in na janye jirgin ya bar gidanmu ke nan, ko yau ko gobe. Sai ya tattare kaftaninsa, ya duƙa da nishi, ya sa yatsunsa masu kauri a hagu, ya zagaya ya sa a dama. Ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago babu fushi a fuskarsa, sai wani abu kamar mamaki. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa duk dangi suke kira na Ummi, babu mai faɗin sunana na yanka. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Haka take yi mini. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma janyewa. To, uwata ta yi magana. Ummi, yaya za a yi?"

Na faɗa masa abin da Baba ya koya mini, cewa tirelar ta yi zurfi, a bar saman murfin taya a waje. Ya koma mota, ya sauke gilashi, ya ce in tsaya inda zai gan ni a madubi, sai na ɗaga hannu zai taka birki. Karo na biyu iska ta sake ture bayan jirgin. Na auna, na ce bai zauna ba, wannan karon maganar ta fito da sauƙi har na tsorata da kaina. Mai hon ya fito yana ƙorafi, Baffa ya leƙo ya gaya masa da Turancinsa na direbobi cewa ya yi haƙuri, shugaba ba ta sa hannu ba tukuna. Mutumin ya dube ni, ya yi dariya, ya koma motarsa. Karo na uku Baffa ya ja birkin hannu, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwa da kansa ya dafe bayan jirgin. 'Yan'uwa biyu a ruwa har gwiwa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, sai na ji Baba yana cewa, "Yaya, ɗan turo shi hagu," Baffa kuma yana turawa. Baffa ya koma mota, ya ja a hankali. Huɗu a hagu, huɗu a dama, ƙashi a kan robobi uku. Na miƙe na ce, "Ya zauna." Baffa ya zaro dabino daga aljihun da ya jiƙe ya ba ni, gishiri-gishiri da shi, na cinye. A hanya, da muka wuce kwanarmu jirgin bai ko motsa ba, Umma ta miƙo hannu ta matse nawa.

Jirgin ya ƙara shekara tara a gidanmu, bai sake zamewa ba. Hannuna ya girma, ma'aunin ya koma yatsu uku. Baffa ya riƙa ba da labarin a duk taron suna da na salla, sai dai a bakinsa labarin ya ɗan canja. Wai tun farko ya ga jirgin ya karkace, gwada ni kawai yake yi. Wannan kam ban taɓa gyara masa ba, Baba ma sai dai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Yanzu ciwon gwiwa ya hana Baba shiga ruwa mai sanyi, ya ba wani matashin maƙwabcinmu jirgin, lungun ya koma wurin ajiye kwandunan shara. Baffa ya koma Wudil bayan ya ajiye aiki, can Allah ya yi masa rasuwa. Ni kuma kullum ina ƙetarawa Manhattan wurin aiki a jirgin fito. 'Yata mai shekara bakwai tana gyara mini magana sau goma kafin mu karya kumallo, ba gargada, ba ban haƙuri, kuma ban hana ta ba, domin ba na so ta taɓa haɗiye gaskiyar da za ta jawo ɓarna. Amma wani lokaci nakan yi kewar zamanin da magana take da nauyi, lokacin da yarinya za ta yi watanni tana shirin faɗin kalma uku, dattijo kuma ya duƙa cikin kaftaninsa don ya tabbatar. Na ce wa manya da yawa a'a tun daga ranar. Babu wanda ya karɓa da kyau kamar Baffa.